Yadda aka kwashe min kuɗin matan layinmu ana saura sati biyu sallah

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta labarin nan amma duk sanda na ɗauki waya sai in ji nauyi in ajiye, dan har ga Allah abin kunya ne a wajena, to shekaranjiya wata ƙanwar ƙawata ta shigo shago tana irin kukan da na taɓa yi, shi ne nace kai bari dai in faɗa kowa ya ji, in dariya ce ma ai an riga an gama yi min ita a unguwa.

Ni haifaffiyar Aboabo ce a nan Kumasi, nan na tashi nan na yi aure, kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi daga Kano bai koma ba. Ina da ɗan shago a Alabar ina saida mayafai da abaya da atamfa, rabin cinikina ma a WhatsApp nake yinsa, in sa hoto a satatus mutum ya zaɓa ya turo kuɗi in ba mai mota ya kai masa Tamale ko Techiman ko Nima. Kuma ni ce uwar adashin matan layinmu, mu 24. Sakandare kawai na gama amma ina karanta Turanci daidai gwargwado, shi ya sa aka ba ni riƙon kuɗin, kuma duk tsohuwar da meseji ya shigo mata wajena take kawo waya. Ni ɗin nan da bakina na sha ce musu kar wadda ta kuskura ta ba wani lambar sirrinta ta momo, wato asusun kuɗi na layin waya, ko da ɗan cikinta ne. Har wani ji da kai nake, in na ji an damfari wata sai ince a raina ai kwaɗayi ne ya ja mata.

Banda adashin da ake kwasa duk sati muna da wani asusu na daban na babbar sallah, daga an sauko ƙaramar sallah kowa za ta riƙa zuba sidi 100 duk sati, in layya ta matso a raba, wata ta haɗa da miji a sai rago wata ta yi wa yara ɗinki. Da a akwati nake ajiyewa a shago, ƙanina ne ya dame ni da maganar gobara, kuma gaskiyarsa ne dan duk wanda ya zauna a Kumasi ya san yadda wuta ke tashi a kasuwa ta cinye dukiyar mutane cikin dare, shi ne na buɗe akawun a banki ya sa min manhajar bankin a waya ya koya min. Ba zan faɗi sunan bankin ba, ba su suka sace min ba.

Wanda yake Ghana a 2022 ya san irin ruɗanin da aka shiga. Ranar 1 ga Mayu aka fara cire harajin nan na ilebi a kan tura kuɗi ta waya, kashi 1.5 cikin ɗari, mutane suna ta kwashe kuɗinsu daga momo. Ga rajistar sim da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ana ta ɗaga wa'adi ana cewa za a rufe layuka, ga layin karɓar katin kansa sai ka yi asubanci. Ga kuma Babban Bankin Ghana ya ce daga 1 ga Yuli babu wani katin shaida da banki zai karɓa sai Ghana Card. Kullum sai meseji ya shigo, je ka haɗa kaza da kaza in ba haka ba za a rufe. Duk na gaskiya ne fa. Mun saba da a tsorata mu ta waya har ya zama ba ma tsayawa tambaya, ɓarayin kuma sun san da haka sarai.

Juma'ar ƙarshe ta watan Yuni ce, wajen biyar da rabi na yamma, ina shago ga kastoma biyu suna ta ja min farashin abaya, sai meseji ya shigo da sunan bankina. Abin da har yau yake ba ni mamaki, a cikin jerin mesejin bankin na asali ya faɗo, can ƙasan alat ɗin da suka turo min da safe da na zuba kuɗin mata. Aka ce ba a gama haɗa Ghana Card ɗina da akawun ba, in ban gyara kafin ƙarfe shida ba za a rufe akawun ɗin, ga linki nan mai shuɗin rubutu in latsa. Ni kuwa na je banki da ƙafata tun a watan Afrilu na kai katin sun ɗauki hoton yatsana. Da hankalina na jikina ai wannan kaɗai ya isa ince ƙarya ne. Amma abin da ya faɗo min shi ne kuɗin mutane, sallah saura sati biyu, in aka rufe me zan ce wa mata 23, banki kuma sun tashi sai Litinin.

Na latsa. Shafi ya buɗe da launin bankin da tambarinsa komai da komai, har da hoton matar nan mai murmushi da nake gani a allonsu na talla. Na sa sunan shiga, na sa faswod, na sa lambar Ghana Card. Abu ya yi ta juyawa ya ce in jira wakilinmu zai kira ki.

Ko minti biyu ba a yi ba waya ta yi ƙara. Da Turanci ya fara, mai laushi irin na 'yan ofis, ya kira cikakken sunana har da na mahaifina. Da ya ji ina ɗan in-ina sai ya juya Tonanci, yaren Asante, can kuma sai yace "af, Hajiya ai ke tamu ce, bari mu yi Hausa, ya kasuwa ya yara?" Ni ko Makka ban je ba amma wallahi da yace Hajiya ɗin nan da Hausa irin tamu ta zango sai na ji hankalina ya kwanta kamar ɗan maƙwabta ne ke aiki a bankin Allah ya haɗa ni da shi. Kuma ku ji wayo, shi da kansa yace "Hajiya dan Allah kar ki faɗa min lambar sirrinki, ko ni ban da ikon ji, 'yan damfara sun yi yawa yanzu". Nace a raina ka ji mutumin kirki. Yace yanzu za a turo wata lamba guda shida, ita ce shaidar cewa katin ya haɗu, ki karanto min in shigar miki kafin na'ura ta rufe ƙarfe shida, saura minti goma sha ɗaya. Lambar ta shigo. A jikin mesejin an rubuta ɓaro-ɓaro kar a ba kowa ko da ma'aikacin banki ne, na gani da idona, har na karanta masa, ya yi 'yar dariya yace wannan na mutanen waje ne Hajiya, ai ni na turo miki. Na karanto masa. Aka sake turo wata yace ta farko ta wuce lokaci, na sake karantowa. Kastomomin nan suna tsaye ɗaya har tana cewa anti ki sallame mu mana.

Daga ƙarshe yace in kashe wayar na minti talatin dan komai ya zauna daidai. Na yi masa godiya. Nace Allah ya yi albarka ya raya zuri'a. Wannan addu'ar ta fi komai ci min rai in na tuna.

Sai da na koma gida na yi magariba na kunna waya. Alat huɗu suka shigo a jere. 5,000, 5,000, 5,000, sai 6,000. A akawun ɗin akwai sidi 21,400, a ciki 16,800 na mata ne zubin sati bakwai, sauran jarina ne da nake tarawa zan saro kayan sallah. Aka bar min 400 ba kaɗan. Na kira lambar da ta kira ni, a kashe. Na zauna a kan sallaya ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, cikina ya murɗa sai da na shiga bayi sau uku.

To nan ne na yi wautar da ta fi ta farko, kuma saboda ita nake rubutun nan. Ban faɗa wa kowa ba. Maigida ya dawo daga Suame Magazine inda yake gyaran mota, na zuba masa tuwo, yace lafiya na ganki haka, nace kaina ke ciwo. Na kwana ido biyu ina ta buɗe manhajar ko kuɗin za su dawo da kansu, manhajar ma ta ƙi buɗewa dan sun canza faswod. Abin da nake ta juyawa a raina ba yadda za a tsaida kuɗin ba ne, a'a, yadda za a ce wai ni, ni mai yi wa mutane wa'azi, aka yi wa haka. Sai Asabar da azahar da na ga zan haukace na kira ƙanina nace ka zo. Yana jin labarin yace "Yaya tun jiya? tun jiya kika yi shiru?" Na ɗauko waya zan nemi lambar banki a Facebook ya fizge, yace nan ma akwai shafukan ƙarya da lambobin ƙarya suna jiran irinki, kawo katin cirar kuɗinki. A bayan katin akwai lamba, ita ya kira, ashe suna ɗauka ko dare ko ranar hutu, ni ban taɓa juya katin nan na karanta ba. Nan take suka rufe akawun ɗin. Ya kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa, kyauta ne, suka ɗauki bayani suka ce kar in goge komai in ɗauki hoton mesejin da linkin da lambar da ta kira.

Litinin da sassafe muka je reshen bankin a Adum. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni ta yi min bayani dalla-dalla, Allah ya saka mata dan ba ta yi min kallon sakarai ba. Tace shafin da na buɗe nasu ne na ɓarayin, duk abin da na rubuta a gabansu yake fitowa, da shi suka shiga akawun ɗina a wata wayar. Banki da ya ga sabuwar waya sai ya turo lamba zuwa layina dan ya tabbatar ni ce, wato lambar nan ita ce ƙofa ta ƙarshe da ta rage musu, ni kuma na miƙa mukullin da hannuna. Ta biyun ta canza faswod ce. Kashe wayar da yace in yi kuwa dan kar in ga alat ne. Na tambaye ta to ya aka yi mesejinsu ya shiga cikin naku, tace sunan da ke fitowa a saman meseji ba shaida ba ne, mai tura meseji da yawa ta kwamfuta yana iya rubuta sunan da ya ga dama, waya kuma ba ta da wayo, in ta ga suna iri ɗaya sai ta jera su wuri guda. Ta sa na buɗe hoton linkin muka duba tare, harafi ɗaya ne aka ƙara a sunan bankin, ƙarshensa kuma ba irin nasu ba. Sunana fa, nace. Tace madam ba kya sa lambar akawun da lambar waya a satatus saboda kastomomi? Kuma ko ba haka ba duk wanda ya sa lambarki a momo kamar zai turo miki kuɗi ai sunanki zai fito masa kafin ya tura. Na yi shiru.

Sai ta duba kwamfuta ta faɗi maganar da ta sa na fashe da kuka a gaban mutane. Dubu sha biyar ɗin nan layukan momo uku aka tura wa kuma a daren aka cire su, waɗannan sun tafi. Amma 6,000 ɗin wani akawun aka tura a wani banki, kuma sun kwana a ciki ba a taɓa ba, sai Asabar da hantsi aka fara cira. Da na kira a daren Juma'a da wataƙila an riƙe su duka. Yanzu 3,200 suka samu suka sa aka riƙe. Wato kunyata ta kwana ɗaya 2,800 na saye ta.

Aka ce in kawo takardar 'yan sanda, na je na yi, na cike fom, aka ce in jira.

Maigida da ya ji bai yi faɗa ba, shiru ya yi mai tsawo sannan yace kuɗin mutane dai sai an biya. Mma mahaifiyarmu kuwa da ƙanina ya faɗa mata adadin sai tace nawa ke nan a kuɗin da, dan ita har yau ba ta yarda da canjin kuɗin 2007 ba, sidi 100 miliyan ɗaya take ce masa. Aka ce mata miliyan ɗari biyu da goma. Ta dafe ƙirji tace "ke da kika yi makaranta?" Ba da mugunta ta faɗa ba amma ta shige ni.

Ranar Lahadi bayan la'asar muka taru a gidan Magajiya, shugabar matan layinmu, kamar kullum, na zo da takardar banki da ta 'yan sanda na ajiye a tsakiyar tabarma na faɗi komai ban rage ba. Wuri ya yi tsit. Wata, ba zan ce wace ba muna gaisawa yanzu, tace ita dai ba ta gane ba, ya za a yi kuɗi su fita daga banki ba da sanin mai su ba, ko dai an juya su ne a kasuwa an faɗi. Ban ga laifinta ba, ragon 'ya'yanta ne. Ina shirin rantsuwa sai wata dattijuwa da duk muke jin nauyinta ta gyara zama tace ku bar yarinyar nan, ni ma an yi min bara. Tace meseji ya shigo mata kamar an turo kuɗi, wani ya kira yana kuka wai kuɗin asibitin uwarsa ne ya tura bisa kuskure, ta tausaya ta mayar masa da 1,500 ba ta duba balas ba, ashe ba abin da ya shigo mesejin ne kawai ya rubuta da hannunsa. Shekara guda ko 'ya'yanta ba su sani ba. Kafin a tashi mata biyar har da ita suka yi magana. Wata abu ne ya fito mata a allo a sa lambar sirri, mai kira yace ta sa dan a toshe wani da ke son shiga layinta, tana sawa ashe amincewa ta yi a cire. Wata WhatsApp ɗinta aka ƙwace, an ce za a sa ta a gurup ɗin addu'a ta turo lamba shida da za ta shigo, kafin dare an bi danginta kaf har na Nijar ana roƙon kuɗi da sunanta. Mu 24 a layi ɗaya, muna haɗuwa duk sati muna hirar kowa da komai har abin da bai kamata ba, shida an cuce mu kuma ba wadda ta san ta 'yar uwarta. Da dattijuwar nan ta faɗa mana tun bara anya da na karanto lambar nan? Ban sani ba wallahi, wataƙila da na yi, amma da na ji wani abu ya taɓa ni.

Magajiya ta yanke cewa in kawo rabi kafin sallah sauran a bi ni a hankali. Na saida ɗan kunne da sarƙar zinarin aurena, maigida ya fasa layya a shekarar ya kawo kuɗin ragonsa, ƙanina ya ƙara, muka haɗa 8,400. Ranar sallah maƙwabta suka yi ta aiko da nama har ya fi na shekarun da muke yankawa, ni kuwa kowane kwano ya shigo sai na ji kamar ana nuna ni.

Bayan sallah da kwana kaɗan wani ya kira wai daga hedikwata a Akra, an kama ɓarayin, za a dawo min da 21,000 amma in tura 500 na buɗe fayil. Ya faɗi adadin daidai har da yadda aka rarraba. Saura kaɗan fa, dan wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ƙanina na kusa yace Yaya wa ya san adadin nan banda ke da banki da wanda ya ɗauka? Na kashe.

3,200 ɗin sun dawo a watan Nuwamba. Lokacin sidi ya riga ya faɗi warwas, dala da take wajen sidi 8 sanda aka sace ta haura 13, kaya sun yi tashin da ban taɓa gani ba, abin da kuɗin za su saro min a Yuni ko kusa ba su saro ba. Na dai karɓa na miƙa wa mata. Ban gama biya ba sai Maris 2023 ana gobe-gobe azumi.

Na so in sauka daga riƙon kuɗin suka ƙi, Magajiya tace wadda maciji ya sara ita ta fi kowa sanin rami. Amma mun canza tsari. Kuɗin ƙungiya yanzu a akawun dabam suke wanda ba shi a wayar kowa, sai mu biyu mun je mun sa hannu. Lambar da nake sawa a satatus ta wani ƙaramin akawun ce da ba na barin kuɗi su kwana a ciki. Linki kuwa ko daga wa ya zo ba na shiga banki ta cikinsa, in akwai magana manhajar zan buɗe da kaina ko in taka zuwa Adum, ba nisa. Duk wanda ya kira yace daga banki ko kamfanin waya yake sai ince to na gode zan kira ku, in kashe in kira ta bayan kati, na gaskiya bai taɓa jin haushi ba, na ƙarya ne ke cewa saura minti kaza. Kuma duk Lahadi kafin a fara zubi sai Magajiya ta tambaya wa aka kira a satin nan, me aka ce mata, a yi ta dariya ana kwaikwayon muryarsu, tsofaffin ma yanzu sun fi mu iya ja musu rai, akwai wadda ta riƙe wani minti ashirin tana karanto masa lambar mitar wutarsu.

Yarinyar da ta zo shekaranjiya ita a cikin awa ɗaya ta faɗa, a shagona muka juya katinta muka kira, yanzu muna jira mu ji abin da za a iya riƙewa.

Abin da ban warke daga shi ba shi ne muryar. Duk Ghana in za a ce damfarar intanet "sakawa" ake cewa, Tonawa da Gaa da kowa, kalmar kuma tamu ce ta Hausa, da in na ji haka haushi nake ji ince ana ɓata mana suna. To wanda ya yi min dai Hausar zango ya yi min, ya san a ce ya yara, ya san in an yi masa addu'a ya ce amin, ya kuma ce. Har yau in ina cikin turotoro, motar haya, daga Kejetia zuwa Aboabo na ji wani saurayi a baya yana waya yana cewa Hajiya cikin ladabi sai na waiga na kalli fuskarsa.